Hannun da Ya Daina Jin Zafi

Akwai wani manomi da yake da gonar shinkafa a bakin fadama. Wata rana yana cikin yanka, sai santsin laka ya kwashe shi, ya fāɗi a kan laujensa, laujen kuwa ya yanke shi a wuyan hannun dama. Maƙwabta suka ɗaure wurin da tsumma, suka kai shi asibiti, likita ya ɗinke.

Raunin ya warke, amma babban yatsansa da na kusa da shi suka daina jin kome. Likitan ya ce masa, “Baba, jijiya iri biyu ce ta yanke. Ɗaya tana kawo jini, mun haɗa ta, shi ya sa hannun yake da ɗumi. Ɗayar kuwa ita take kai labari daga yatsu zuwa ƙwaƙwalwa. Ita ma mun ɗinke ta, amma sai ta sāke tsirowa har ƙarshen yatsu, a hankali kamar saiwar itace. Kafin nan, ka tsare hannun nan daga wuta da ƙaya.”

Manomin bai ɗauki maganar da muhimmanci ba. Har fahariya ya riƙa yi. Yakan cire ƙaya da hannu, yakan zaro gasasshen rogo daga garwashi, yana cewa, “Allah ya raba ni da zafi.”

Wata safiya yana jin ɗumin wuta, sai matarsa ta fito daga ɗaki, ta ce, “Maigida, mene ne yake ƙauri haka?” Ashe yatsansa ne a kan garwashi, bai sani ba.

Ƙunar ta zama gyambo. Damina ta fāɗi, kowa ya fita shuka, shi kuwa ko fartanya ba ya iya riƙewa. Ciyawa ta soma cinye gonarsa. Ya zauna a ƙofar gida cikin baƙin ciki, ya ce, “Hannun nan ya mutu. Gara a yanke shi in huta.”

Matarsa ta kama yatsan, ta danne farcen har ya yi fari. Da ta saki, sai ja ya dawo. Ta ce, “Dubi, jini yana zuwa. Bai mutu ba.”

Tun daga ranar, kowace safiya takan wanke gyambon, ta shafa wa hannun man kaɗanya, ta lanƙwasa yatsun ta miƙe su don kada su sandare. Gyambon ya warke. Watanni suka wuce, yatsun dai shiru.

Ana nan wata rana yana gona, ya dafa gindin wata tsamiya zai tashi, sai cinnaka ya cije shi a babban yatsa. Ya yarfe hannu, ya ce, “Wayyo!” Sa'an nan ya tsaya cik, yana duban yatsan. Ya sheƙa gida a guje, yana kiran matarsa, “Maman Rifkatu! Zo ki mintsine ni!”

Ta mintsine shi. Ya yi ƙara, ya fashe da dariya, hawaye suna zuba. Nan tsakar gida suka durƙusa, suka yi godiya ga Allah.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: hannun nan zuciyar mutum ce. Zunubi yakan yanke jijiyar lamiri, har mutum ya yi ƙarya ko ya cuci ɗan'uwansa, ya kwanta ya yi barcinsa lafiya, yana tsammani ƙarfi ne ya samu, alhali kuwa ƙonewa yake yi. Duk da haka Ubangiji bai tsayar da jinin ba, alherinsa yana ta zuwa ko a lokacin da ba mu jin kome.

Wataƙila akwai wani a gidanku da ya taurare, kun yi masa addu'a har kun gaji. Kada ku fid da zuciya, jijiya a hankali take tsirowa. Kai kuma da maganar Allah ta soke ka yau, har kana jin kunyar abin da ka yi, kada ka gudu daga zafin nan. Ka durƙusa ka yi godiya, gama kana da rai.