Fanken da Cikinsa Bai Nuna Ba

Akwai wata mata da ta yi wa yayanta baƙar magana ranar da aka binne mahaifiyarsu. A gaban 'yan makoki ta ce shi ya bar tsohuwar ta mutu a wulaƙance, alhali ta san yana wani gari yana jinyar matarsa. Mutumin ya miƙe. Ya sa takalminsa ya fita, ƙafarsa kuwa ba ta ƙara taka gidanta ba. Ga shi su biyu kaɗai uwarsu ta bari a duniya.

Da abin ya daɗe, dattawan ikilisiya suka sa baki, har ya yarda zai zo ranar Asabar da hantsi ya karya kumallo a wurinta. Matar ta yi murna, amma tsoronta ya fi murnar yawa, gama ta san in wannan zuwan ya ɓaci ba za a sami wani ba. Sai ta ce a ranta za ta yi masa fanken kasko mai ayaba, wanda yake so tun suna yara. In ya ji daɗinsa, wataƙila ba sai an tono tsohuwar magana ba. Kun ji dabara, fanke ne zai roƙa mata gafara.

Da gari ya waye ta tankaɗe fulawa, ta dama nunanniyar ayaba, ta fasa ƙwai, ta zuba madara da garin citta da kirfa. Ƙullu ya yi kauri, ƙanshi ya cika gida. To, duk mai irin wannan suya ta san fanke mai ayaba ba ya son wuta da yawa, kuma na farko gutsurawa ake yi a duba cikinsa. Ita ma ta sani sarai. Amma rana tana ɗagawa, duk babur ɗin da ya wuce sai ta ɗauka shi ne. In ya iso bai tarar da komai ba fa? Ai zai ce raini ne aka sake yi masa. Ta ɗauki mafici ta yi ta fifita gawayi har ya yi jawur.

Nan da nan fanke ya riƙa yin ja, gwanin kyau. Ta ɗaga na farko za ta gutsura, sai ta ji motsi a ƙofa, ta jefa shi cikin kwano ta ci gaba. Haka ta cika kwanon ba ta duba ko ɗaya ba.

Yayan ya yi sallama. Suka gaisa kamar baƙi. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo shayi da zuma. Ya yi addu'a, ya ɗauki fanke ya raba biyu, sai ga ɗanyen ƙullu yana bin yatsunsa. Ya raba wani, haka. Da ta ga ya miƙe, ta tabbata takalminsa zai nema.

Amma wajen murhu ya nufa. Ya ja kujera ya zauna, ya sa itace ya kwashe rabin garwashin.

"Akwai sauran ƙullu?"

"Akwai, Yaya."

"To, zo ki soya a hankali. Ba inda za ni."

Suya a ƙaramar wuta tana da jinkiri, mutum biyu kuwa ba sa iya zuba wa kasko ido har abada. Shirun ya yi mata nauyi. Kafin ta juya na farko ta ce, "Yaya, abin da na faɗa ranar jana'izar Inna ƙarya ne, ina faɗa ina sane. Ka gafarta mini."

Sai da ya gaya mata yadda maganar ta ci masa rai, yadda ya kasa zuwa ko kabarin uwarsu. Ta saurara da hawaye, ba ta kare kanta ba. Sa'an nan ya ce ya yafe, ya miƙa hannu ta sa masa fanke mai zafi.

Ma'anar wannan misali ita ce, fanken nan shi ne sulhun da muke yi da 'yan'uwanmu, wutar kuwa tsoronmu ce. Muna tsoron a tuna mana laifinmu, sai mu yi sauri mu gyara waje: mu gaisa a ƙofar coci, mu aika abinci, mu yi dariya tare. Mai kallo ya ce an shirya, alhali ciki ɗanye ne. Ubangiji kuwa ba ya ruɗuwa da jan da waje ya yi, ciki yake dubawa. Yana da haƙurin zama tare da mu har gaskiya ta fito, kamar yayan nan.

Na san a cikinmu akwai wanda ya daɗe yana aika kwano gidan wani don kada ya buɗe baki. Ɗan'uwana, kwano ba ya magana. Je ka da kanka, ka zauna, ka kira laifinka da sunansa, ka kuma jure jin amsar.