Sunan Baba Da Kwamfuta Ta Ƙi Karɓa

Akwai wani mutum a Cadawa, sunansa Mas'ud. Gida ɗaya suke da ƙanwarsa Zakiyya, malamar lakol, wato makarantar boko, da mahaifiyarsu Inna Delu.

Kwamfuta biyu ce a gidan, waya ta haɗa su. Babbar ta Mas'ud ce. Ƙaramar ta Zakiyya, kuma a cikinta muryar mahaifinsu take. Kafin ya rasu sun ɗauki maganarsa yana ba da tarihin yadda kakanninsu suka taso daga Katsina. Babu kwafinta a ko'ina. Mas'ud yakan buɗe dosiyen da muryar ke ciki daga tasa kwamfutar ya saurara.

A shekarar da soja suka shirya zaɓe za su miƙa mulki, gidan ya rabu. Mas'ud ya ce kowa ya bi jam'iyyarsa. Zakiyya ta ce ƙuri'arta tata ce. Tun daga nan gaisuwarsu ta gajarta.

Ana cikin haka ya kira wani mai gyara, Sanda, ya sa wa babbar kwamfutar sabon tsari da faifan da ya sayo a Jibiya. Sanda ya gama, ya hau babur ya wuce Gazawa.

Mas'ud ya nemi dosiyen Baba. Sabon tsarin ya ce sai da kalmar sirrin kwamfutar Zakiyya.

"Ke, mi ne ne kalmar?"

"Sunan Baba. Alhassan."

Ya buga. Ɗige-ɗige baƙaƙe suka fito, kamar yadda kalmar sirri ke fita. Kwamfuta ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

Ya fito tsakar gida yana huci.

"Kin canza ta! Don na ce ki bi jam'iyyata shi ne za ki kulle mani muryar ubana?"

"Yaya, ban canza komi ba."

"Ƙarya kike."

Inna Delu ta aje tsintar waken da take yi. "Zakiyya, ba shi haƙuri. Gaba yake da ke."

"Inna, in na taka shi zan durƙusa. Wannan ban yi ba. Ba ni ba da haƙurin abin da ban yi ba."

Mas'ud ya shiga ɗakinta ya sunkuci kwamfutar. "Maraɗi zan kai ta. A wanke ta tas, in ga inda sirrin naki zai ɓuya."

Zakiyya ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannuwa.

"In an wanke ta, har da Baba za a wanke. Sai dai ka bi ta kaina."

"Matsa."

"Ba ni matsawa. Abu ɗaya nake so. Ka koma ka rubuta sunan Baba a farin shafi, inda ido ke gani, ba cikin ɗige-ɗige ba."

Ya yi dariyar raini. "Ni za ki koya wa rubuta sunan ubana? 'Yan aji ɗaya kika samu?"

"In ka iya, mi kake tsoro?"

Inna Delu ta miƙe. Mas'ud ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. "Kai wannan, aje mata kayanta. Je ka rubuta."

Ya mayar da kwamfutar, ya jona wayar yana tsaki. Ya zauna gaban tasa, ya buɗe farin shafi, ya buga da ƙarfi ko allon bai kalla ba. Sannan ya ɗaga kai.

Qlhqssqn.

Ya goge ya sake. Haka dai.

Inna Delu ba ta yi lakol ba. Ta leƙo ta kafaɗarsa. "Karanta mani."

Ya buɗe baki. Ba abin da ya fito sai kamar mai ƙwarewa da fura.

"Ni dai ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba," in ji ta. "Amma na san ba haka yake ba."

Ga abin da ya faru. Maɓallan kwamfutarsa jerin Faransanci ne. Faifan Sanda na Najeriya ne, ya sa mata jerin Ingilishi. Inda Faransa ta aje A, nan Ingilishi ya aje Q. Yatsansa na danna A, na'ura na rubuta Q, ɗige-ɗige na rufa asiri.

Ya koma wurin kalmar sirri. Duk inda ake son A ya danna Q. Dosiye ya buɗe.

Ya danna sautin farko. Tsohon ya yi gyaran murya.

"Ya kama? To. Mas'udu, cire hannunka daga abin nan, bar ƙanwarka ta yi. Kai gaggawa gare ka."

Inna Delu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mas'ud ya juyo. Ya ce, "Zakiyya, ki yafe mani."

"Na yafe, Yaya." Ta share ido. "Amma ƙuri'ar tana nan inda take."

Darasi: Kafin ka kira wani maƙaryaci, duba abin da hannunka ke rubutawa. Kuma in gaskiya na wurinka, tsaya a kanta da ladabi, ko wa ke tsawa. Da Zakiyya ta matsa daga ƙofar nan, da muryar ubansu ta tafi. Ku tura wa masu saurin fushin gidanku su karanta.