Jinkar Ɗakin Tsoho

Akwai wani manomi mai 'ya'ya biyu maza, Irmiya babba da Filibus ƙaninsa. Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya raba musu gona, amma kowannensu ya ga kamar ɗan'uwansa aka ba wajen da ya fi albarka. Suka yi fushi da juna, suka haɗa da mahaifin. Ko da ciwon ajali ya kwantar da shi, Irmiya da safe yake zuwa, Filibus da yamma, gaisuwar ma a tsaye. Tsohon ba ya tsoron mutuwa. Abin da ke cin ransa shi ne ya tafi bai ji suna magana da juna ba.

To, tsohon nan akwai dabara. Ya sa maƙwabta suka kwashe rufin ɗakinsa, suka ɗaura sabuwar jinka a ƙasa. Ya ce wa kowane ɗa, "Ina so in kwana a ƙarƙashinta kafin Ubangiji ya kira ni." Maƙwabtan kuwa ya roƙe su kada wanda ya buɗe baki in an zo ɗaga jinkar.

Jinka ba ta hawa ɗaki sai da mai ba da murya, don a ɗaga tare, a taka tare. Ranar ɗagawa 'ya'yan biyu suka zo. Aka ɗaga shiru, Irmiya ta nan, Filibus ta can, kowa ya ɗaure fuska. Jinka ta karkace, nauyinta ya koma kan Irmiya, ta kusa danne shi.

Filibus bai san lokacin da ya ce, "Yaya, riƙe, ga ni nan!" ba.

Irmiya ya ce, "Matso dama, ƙanena. Yauwa, mu je."

Jinka ta zauna daram. Tsohon yana kwance a inuwa, yana dariya har da hawaye. 'Ya'yan suka durƙusa suka ce, "Baba, ka gafarta mana." Ya ce, "Ni ma ku gafarta mini, na raba gona ban zauna da ku ba." Ya sa musu albarka, ya kwana a ɗakinsa da farin ciki.

Ma'anar wannan misali ita ce, Ubanmu na sama ba ya jin daɗi mu riƙa zuwa gabansa ɗaya da safe ɗaya da yamma don gudun juna. Wani lokaci yakan ɗora mana nauyin da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba, domin bakinmu ya buɗe. Kai da ka zauna a wancan benci yau don kada ka gaisa da ɗan'uwanka, kada ka jira sai jinka ta danne shi. Ana tashi daga sujada, ka je ka kira sunansa.