Zane a Wuyan Wuƙa

Akwai wani maƙeri da ake kira Mai Zane, saboda ba wanda ya kai shi iya ƙawata wuƙa. Yakan shafe ƙarfen da kakin zuma, ya zana furanni da allura, sannan ya tsoma shi cikin ruwan batir. Ruwan sai ya ci duk inda allurar ta bi, zanen ya zauna daram.

Gwani ne, wannan ba musu. Sai dai yabo ya hau masa kai, har ta kai ko gyaran murya ka yi kusa da aikinsa sai ya ɗauka raini ne.

Yana da ƙane guda, Auta, masunci. In taru, wato ragar kamun kifi, ya maƙale a ƙarƙashin ruwa, Auta ne ke nutsewa ya kwance shi. Mai irin wannan aiki ba ya rabuwa da wuƙa a ƙugu, don in igiya ta naɗe masa ƙafa a can ƙasa, wuƙar ce kaɗai za ta fitar da shi.

Wata rana Auta ya shigo maƙera yana sosa ƙeya. "Yaya, wuƙata ta cinye. Kowa a garin nan yana riƙe da aikinka, ban da ni."

Mai Zane ya ce, "Ka ba ni kwana uku. Zan yi maka wadda masunta za su bar kifi su tsaya kallo."

Ya ƙera guda biyu daga ƙarfe ɗaya, ta Auta da tasa. Ya ja reshen furanni tun daga tsini har wuya, inda ƙarfe ke shiga ƙota. Don zanen ya yi zurfi, ya bar su cikin ruwan batir ninkin lokacin da ya saba. Ruwan yana ta ƙananan kumfa, warinsa ya cika rumfar.

Kawunsu, wanda ya koya masa ƙira, yana zaune a bakin ƙofa. Idonsa ya yi rauni, amma kunnensa garau yake. Ya karɓi wuƙar Auta, ya riƙe ta da yatsu biyu, ya ƙwanƙwasa ta da ƙusa. Ya sake ƙwanƙwasawa. Fuskarsa ta canza.

"Ɗana, ba a zane a wuyan wuƙa. Nan ne ƙarfinta yake. Ruwan nan ya ci ta da yawa, ji yadda ƙararta ta mutu."

Mai Zane ya yi dariya. "Kawu, zamaninku wuƙa ko fartanya duk ɗaya ne. Kai da ba ka ganin zanen, ina ka san kyansa?"

"Kyan ɗan maciji ke nan," in ji tsohon. "Ka ƙera wa yaron nan wata."

Bai ƙera ba. Auta ya zo ya karɓa, yana ta juya ta a rana, bakinsa har kunne. Kawu ya kira shi zai yi magana, Mai Zane ya tari numfashinsa: "Rabu da tsoho, jeka abinka."

Bayan kwana huɗu, da hantsi, Mai Zane ya ɗauki tasa wuƙar zai yanke wata igiya mai kauri a rumfa. Ya danna, ya ɗan murɗa hannu. Sai ya ji ƙas! Kaifin ya faɗi ƙasa, ƙotar kaɗai ta rage a tafinsa. Daidai kan furen wuya ta karye.

Ya tsaya yana kallonta. Kawu da ya ji ƙarar bai yi masa gori ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Ina Auta?"

Ko takalmi Mai Zane bai saka ba ya zura da gudu. Tun daga nesa ya hango jama'a sun taru a bakin ruwa. Kwale-kwalen Auta yana can yana lilo, ba kowa ciki. Tsoro ya kama Mai Zane irin wanda bai taɓa ji ba.

Auta yana kwance a kan yashi, leɓɓansa sun yi fari, guntun igiya naɗe a idon sawunsa. Wani masunci da ke jiƙe sharkaf ya ce, "Mun ga ya daɗe bai taso ba, na bi shi. Da na ƙara jinkiri kaɗan, da gawa za mu fito da ita."

Mai Zane ya durƙusa kusa da shi. Auta ya yi tari, ya amayar da ruwa, ya buɗe ido da kyar. Hannunsa na dama a dunƙule yake kan ƙota. Ya miƙa ta a hankali.

"Yaya, ka yi haƙuri," ya ce. "Na karya maka wuƙarka mai kyau."

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai shi ne ke fara shan wahalarsa ba, na kusa da shi ne. In wanda ya riga ka a sana'a ya ce ka sake duba aikinka, ka duba, don wataƙila ran wani ne ke rataye a jikinsa. Ku tura wa duk wani gwani da kuka sani, ko Allah zai sa ya ji.