Cikin da Malam Rabo Ya Ɓoye

Akwai wani mutum a Tamaske, a shekarun babban yaƙin Turawa, ana ce masa Barmo. Tun yana ƙarami aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, karatu ya kai shi har Dakar, ya dawo gida lokotoro, wato likita. A bakin kakar maigidana na ji labarinsa, muna surfe.

Ciwo guda Barmo ya sa a gaba, dajin hanta. Shi ne wanda ciki ke kumbura ya yi tauri, mutum ya rame, ido ya yi ɗorawa. Abin da ya gano yana rubutawa a buga a Dakar, manyan likitoci su karanta su ambaci sunansa. Sannu a hankali ya daina ganin mutane, sai cikkunansu.

Ranar kasuwa yakan jera marasa lafiya a fili, a tuɓe musu riga, ya auna cikin da igiya, ya ɗauki hoto.

Wata rana layi ya zo kan tsoho Kalla, aminin mahaifinsa. Kalla ya rage murya ya ce, "Ɗana, mu shiga daga ciki. Surukaina na nan tsaye."

Barmo ya ce, "Baba Kalla, hoto ba shi fita cikin duhu. Tuɓe, mutane na jira."

Kalla ya tuɓe, kansa a ƙasa. Can wajen masu albasa, Malam Rabo, mahaifin Barmo, yana kallo. Ya naɗe tabarmarsa ya tafi gida.

Barmo ɗan fari ne. Uban ba ya kiran sunansa, ba ya zama da shi su yi hira. Daga damina Malam Rabo ya fara sa babbar riga ko gona za shi. Ya bar tuwo, sai ɗan ruwan fura. Barmo yakan gaishe shi daga bakin zaure ya wuce, har ya taɓa cewa cikin raha, "Tsoho ya fara ƙiba."

Gero ya fitar da kai lokacin da gwaggonsa Hajjo ta tare shi a hanya.

"Lokotoron Dakar, an ce har bayan teku an san ka. To gidanku hwa, an san ka?"

"Mi ya faru, Gwaggo?"

"Ƙibar da kake yi wa dariya. Tun shuka ubanka bai kwanta da gefen dama ba. Tsumma yake cizo kada a ji nishinsa."

Barmo ya ruga gida. A ƙofar ɗaki ya cire takalmi ya durƙusa. Malam Rabo bai dube shi ba, ƙanwarsa Hajjo, da ta biyo bayan Barmo, ya yi wa magana.

"Hajjo, hwaɗa mishi na ga abin da anka yi ma Kalla. Ni ba a kai ni kasuwa."

Barmo ya tashi ya saki asabari, ɗakin ya yi duhu. Ya ce, "Baba, ba sai ka tuɓe ba. Hannu kaɗai zan sa, in ka yarda."

Tsohon ya ɗan ɗaga gefen rigar.

Yatsun Barmo suka taɓa hantar, tauri kamar dutse. Duk ƙasar babu wanda ya fi shi sanin ma'anar wannan taurin. Maganin warkewa babu, ko a Dakar. Amma maganin rage zafi yana cikin akwatinsa tun shuka, a gida ɗaya da tsohon.

Ya ba shi. Malam Rabo ya yi barci har la'asar, Barmo yana zaune wajen ƙafafunsa yana kuka ba sauti.

Da ya farka, karon farko ya yi wa ɗansa magana kai tsaye.

"Kalla na da rai?"

"Yana da rai, Baba."

"Tahi ka ba shi irin wanga. Ka yi sallama kahin ka shiga."

Barmo ya tafi. Malam Rabo ya rasu kafin a yanke gero. Allah Ya jiƙansa.

Darasi: Mara lafiya ba ciwo kaɗai ya kawo maka ba, ya zo da mutuncinsa. In ka tozarta ɗaya a gaban jama'a, wani zai ɓoye maka nasa, wataƙila ma na cikin gidanku. Don Allah ku tura wa ƴan'uwa, musamman masu kula da marasa lafiya.