Tafin Hannu a Silin Maigida

Akwai wani maigida da ya cika gari da cewa ba aikin da hannunsa bai iya ba. Alhali ko ƙusa ya tashi bugawa, babban yatsansa ne ke shan guduma.

Da ya gina sabon ɗaki, ya ce shi zai shafe silin da kansa. Yana yaɓawa, kwaɓin simintin yana dawo masa a ido. Maƙwabcinsa magini ne, amma tun da injin niƙa ya cinye masa ƙaramin yatsan hannun dama, mutane suka daina kiransa aiki. Ya leƙo, ya ji tausayi, ya ce wa maigida ya sauko. Ya hau, ya shafe silin sumul, sannan ya tambaye shi adon da yake so: na jan tsintsiya, ko na soso. Maigida ya ce waɗannan kowa na da su. Sai magini ya bi ɗanyen shafen yana danna tafin hannunsa layi-layi, abin ya fito kamar ganyen rogo. Bai karɓi komai ba sai ruwan sha.

Ranar addu'ar buɗe ɗaki, Fasto ya zo da dattawan ikilisiya. Magini ya zauna can bakin ƙofa wurin takalma. Kowa ya ɗaga kai yana yaba silin. Maigida ya dafe ƙeya, ya ce har yau wuyansa bai warke ba saboda wahalar da ya sha a sama.

Fasto ya ji daɗi. Ya ce dama silin majami'a na jiran ado, sun yi shawarar gwada magini, amma tun da ga gwani mai cikakken hannu, shi za a ba. Magini ya sunkuyar da kai, domin aikin nan yake sa rai ya ciyar da 'ya'yansa. Maigida ya gan shi sarai, ya kau da kai.

Aka rufe ido za a yi addu'a. Wata tsohuwa ba ta rufe nata ba, sama take kallo. Ana cewa amin ta ce, "Ɗana, ɗaga mini hannunka."

Ya ɗaga, yana tsammanin albarka za ta sa masa.

"Yatsunka biyar ne. Na sama kuwa huɗu-huɗu. Ina ka ajiye ɗayan ranar da kake aikin?"

Maigida ya yi maza ya lanƙwashe ƙaramin yatsa, amma an riga an ƙirga. Dariya ta ɓarke, Fasto ya miƙa wa magini hannu ya jawo shi ciki, ya ba shi aikin.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan ke faɗa mana. Silin shi ne rayuwarmu: lafiya, abinci, 'ya'ya, rufin asiri. Magini kuwa su ne waɗanda Ubangiji ya aiko suka taimake mu, sau da yawa suna zaune a bakin ƙofa. Duk alherin da ke bisa kanka, akwai tafin hannun wani a jiki, kuma ba ya gogewa. Ka gode wa Allah, ka kira sunan mutumin tun da wuri. In ka ƙi, ranar tana zuwa da za ka tsaya tsakiyar jama'a, hannu a sama, kana ɓoye yatsan da Allah ya ba ka.