Gurasar Inna Tatiya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukaki, wanda ya aiko bayinsa da Bisharar Ubangijinmu Yesu Almasihu har zuwa ƙauyukan kan dutse da ko masu mulki ba su damu da sanin sunayensu ba. Ni Kallista masaƙiya, matar Manis makiyayi, zan faɗi abin da idona ya gani daga karamomin malaminmu, alimi mai zurfin sani, ma'abocin taƙawa da tawali'u, wanda ya ɗauki karatu daga bakin waɗanda suka zauna da Almasihu suka ci abinci tare da shi. Ya haddace Attaura da Zabura da littattafan annabawa, yana magana da harsuna uku, kuma bai raina namu na ƙasar Firijiya ba, ya koye shi da tsufansa, yana karya kalmominmu muna dariya yana taya mu. Bai mallaki komai ba sai mayafi ɗaya, da sanda, da jakar basilla da zare da yake gyaran takalma da su don kada ya ci gumin kowa. Ya roƙe mu kada mu riƙa yawo da sunansa, don haka ba zan ambace shi ba, Allah ya ƙara masa daraja.

Ya iso ƙauyenmu a ƙarshen kaka, ana ruwa, yana jan ƙafar hagu wadda aka karya masa da duka a wani birni na cikin kwari saboda wa'azinsa. Ya bi gida-gida, kowa ya dube shi ya rufe ƙofa, har ya zo namu. Surukata, Inna Tatiya, ita ce ungozomar ƙauyen, ita ce kuma mai riƙe da mabuɗin ɗakin bautar Uwar Dutse, wadda kakanninmu suke yanka wa rago tun fil'azal. Mace ce gajera mai kaifin harshe, wadda ba ta iya ganin mai jin yunwa ta kau da kai, ba ta kuma iya ba shi abinci ba tare da ta yi masa faɗa ba. Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Shigo, kana jiƙa mini bakin ƙofa. Amma allahnka ka bar shi a waje, gidan nan yana da mai shi."

Malam ya yi murmushi ya ce, "Ya riga ni shiga, Inna."

Haka ya zauna da mu duk lokacin sanyin nan. Da hantsi yana bakin murhu yana ɗinki, mutane suna kawo takalma su zauna jira, shi kuma yana ba su labarin Almasihu da murya mai sanyi, yadda ya taɓa kutare ba ya ƙyama, yadda ya yafe wa waɗanda suka gicciye shi, yadda ya tashi daga kabari a rana ta uku. Ni da maigidana muna cikin waɗanda suka fara ba da gaskiya. Inna kuwa ba ta taɓa kiransa Malam ba, Gurgu take ce masa, kuma kullum sai ta tsokane shi tana tura masa akushin miyar wake.

Wata rana ta ce, "Kai Gurgu, wannan Ubangijin naka da ke ta da matattu, ƙafa ɗaya ce ta gagare shi?"

Ya ce, "Da ƙafar nan lafiyarta ƙalau, da na wuce ƙauyenku da sauri ban ɗanɗana miyarki ba."

Ta ce, "Ji daɗin baki. Ci ka ba ni akushina."

Da sanyi ya fara ja baya, ciyawa ta tsiro, Manis ya kora tumakinmu zuwa makiyayar kan tudu kamar yadda ya saba. Washegari sama ta rufe, dusar ƙanƙara ta sauko irin wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani a wannan wata ba. Sauran makiyaya suka gangaro da ƙyar, Manis bai dawo ba. Maza suka fita nema, da Papiyas mai gari a gabansu, suka tone makiyayar da bukkokinta kwana biyu, ba shi ba alamar tumaki.

Tun ranar da Manis ya ɓace Malam bai sa komai a baki ba. Ni shaida ce, don ni nake ɗauke akushinsa yadda na ajiye. Inna ba ta yi kuka ba, aiki ta sa a gaba, tana ta gasa wa masu nema gurasar sha'ir, kowace ta danna mata yatsu uku a tsakiya kamar yadda take yi tun tana amarya. Ranar farko ta jera su a kwando ta rufe, da ta zo rabawa ta tarar ɗaya babu. Rana ta biyu ma haka. Sai duk baƙin cikin da ta danne ya fito ta nan, ta tsaya a kan Malam.

"Ɗana yana can cikin ƙanƙara da yunwa, kai kana nan kana sace mini gurasa? In yunwa kake ji ka faɗa, na taɓa hana ka?"

Na buɗe baki zan kare shi, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Ba ta ɓata ba, Inna." Ya mai da kansa kan takalmin Papiyas, wanda ya yage a wurin nema, mai shi yana tsaye da ƙafa ɗaya yana jira yana harararsa.

Da safiyar rana ta uku Papiyas ya dawo, wannan karon da mazan ƙauyen a bayansa. Magana ta riga ta zaga cewa Uwar Dutse ce ta yi fushi, don mai riƙe da mabuɗinta tana ciyar da wanda yake cewa ita ba komai ba ce, kuma ba za ta saki Manis ba sai an fitar da baƙon. Fitar da tsoho gurgu cikin wannan ƙanƙara kuwa kowa ya san kisa ne.

Papiyas ya ce, "Inna Tatiya, ki fito mana da shi. Ɗanki muke ƙoƙarin ceta."

Na dubi fuskarta, na ga ita ma rabin zuciyarta ta yarda da maganarsu. Sannan ta je ta tsaya a tsakiyar ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Papiyas, ni na yanke maka cibiya, na san girmanka tun kana tsirara kana tsala ihu. Wanda ya ci abincina ba a jan sa daga gidana. In Uwar Dutse tana da magana, ta san inda nake kwana."

"Ko da ran Manis ne?"

Ba ta matsa ba. Ta ce, "Na faɗa maka."

A nan ne Malam ya taso da sandarsa, ya dafa kafaɗarta a hankali ya wuce ta. Ya durƙusa cikin ƙanƙarar da ƙyar saboda ƙafarsa, ya ɗaga hannuwansa, ya yi addu'a gajera wadda ban ji komai a cikinta ba sai sunan Yesu da sunan maigidana. Kafin ya miƙe iska ta kwanta, dusar da take zuba kwana uku ta tsaya cak, gajimare ya tsage, rana ta faɗo a kan dutsen har sai da muka kare idanunmu. Ya ce, "Ku ɗora ni a kan jaki. Ku ɗauko igiya da bargo."

Ba wanda ya yi musu. Na bi su, ba wanda ya hana ni. Mutumin da bai taɓa hawa dutsen nan ba shi yake nuna hanya da sanda, ya wuce da mu makiyayar da aka tone, ya karkata hagu zuwa Kwazazzabon Kyarketai. Papiyas ya ce, "Malam, ba makiyayin da ke kai tumaki can." Ban taɓa jin ya kira shi Malam ba sai ran nan. Malam ya ce, "Iska ce ta kai su." Da rana ta take tsaka muka ji kukan tunkiya daga ƙasa. Maza suka sauka da igiya, ni ma na sulala a bayansu, muka tarar da Manis a ƙarƙashin wani dutse mai kama da rumfa, ƙafarsa a karye, tumaki sun kewaye shi sun matse shi da ɗuminsu, idonsa biyu, da ransa.

Da aka fito da shi sama ya ga Malam a kan jaki, sai ya ɓata fuska kamar mai yi wa babansa faɗa. Ya ce, "Malam, ka sake hawowa? Ba jiya na roƙe ka kada ka ƙara wahalar da ƙafar nan ba?"

Papiyas ya ce, "Jiya yaushe?"

Manis ya ce, "Da rana tsaka, kamar shekaranjiya. Ya kawo mini gurasa, ya zauna da ni kaɗan, ya ce in yi haƙuri gobe za ku zo."

Papiyas ya zauna a kan ƙanƙara. Ya ce, "Jiya da rana tsaka ina tsaye a kansa yana ɗinke mini takalmin nan da ke ƙafata."

Duka muka juya ga Malam. Ya ce, "Kun gan ni a gida, a gida nake. Wanda ya ciyar da shi ya fi ni sanin hanyar dutsen nan. Shi za ku gode wa. Ku rufe shi da bargon, yana rawar sanyi."

Muka sauko da Manis a kan makarar rassan itace. Inna ta tare mu a bakin ƙauye, ta rungume kan ɗanta tana shafa fuskarsa tana zaginsa a kan taurin kai. Da muka kwantar da shi kusa da murhu ina cire masa rigar fata, sai rabin gurasa ya faɗo daga ƙirjinsa. Inna ta ɗauka ta juya shi, ga gurbin yatsunta nan, biyu cikakku, na ukun an gutsure shi. Ta daɗe tana kallo. Ta dubi Malam, wanda yake zaune a wurinsa yana ɗumama hannuwa, na zaci za ta faɗi a ƙafafunsa. Sai ta ce, "To me ya hana ka faɗa mini? Da na sa masa cuku a ciki."

Malam ya yi dariya har da hawaye, ita ma ta yi, daga nan dariyarta ta koma kukan da ta riƙe kwana uku. Da ta share ido ta zuba miya ta ajiye a gabansa, ta tsaya a kansa har ya cinye.

Da ƙanƙara ta narke ya yi wa mutum ashirin da bakwai baftisma a rafin ƙauye, Papiyas a cikinsu. Inna ba ta shiga ba a ranar, ta ce ita ba a yi mata gaggawa. Sai da aka yi girbin sha'ir ta kai mabuɗin ɗakin bautar ta ajiye a gaban dattawa ba tare da ta zagi kowa ba, ta gangara rafi da kanta, tana mita wai ruwan ya yi sanyi kuma Gurgu zai sake ta ta nutse.

Bayan haka da kwanaki kaɗan ya ce lokacin tafiya ya yi, akwai garuruwan bakin teku da ba su ji ba tukuna. Ya ɗora wa Manis da Papiyas hannu ya bar musu kula da jama'a. Duk ƙauyen ya fito rakiya, ban da Inna, wadda ta shige ɗaki ta ce tana da aiki. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sa mata albarka. Daga ciki ta ce, "Ka rufe kunnuwanka, akwai iska a kan tudu." Da muka dawo daga rakiya na hange ta a kan rufin gida, ta kare ido da hannu tana duban hanya.

Shekara biyu bayan nan wani falke mai bin Almasihu ya kawo mana labarin cewa an kama Malam a wani birnin bakin teku, an ce ya ƙona turare ga gunkin sarki ya ƙi, aka fille masa kai. Falken yana cikin waɗanda suka ziyarce shi a kurkuku. Ya ce a ranarsa ta ƙarshe ya yi ta ambaton garuruwan da ya bi ɗaya bayan ɗaya yana yi musu addu'a, da ya zo kan namu sai ya yi murmushi ya ce, "Ya Ubangiji, ka tuna da tsohuwar nan ta kan dutse mai yawan faɗa. Ka ajiye mata wuri kusa da nawa, don in ba ta ga wanda za ta yi wa faɗa ba, ba za ta ji daɗin zama ba."

Inna tana kaɗi a lokacin. Ta ajiye mazarin a cinyarta. Ta ce, "Har a can ma sai da ya yi da ni." Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, muka bar ta.

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah ya yi ta hannun bawansa, malaminmu mai haƙuri, shahidi, wanda bai taɓa jingina wata karama ga kansa ba. Allah ya haskaka makwancinsa, ya ɗaukaka matsayinsa cikin tsarkaka. Ya jiƙan Inna Tatiya, wadda ta bi shi bayan damina uku. Mu kuma da muka rage, da 'ya'yanmu da tumakinmu da baƙin da za su ƙwanƙwasa ƙofofinmu, Allah ya ba mu rabo daga albarkar da ya ba su, ya haɗa mu da su a gaban Almasihu. Amin.